Hoto daga cikin balan-balan: in sayi kyamara ko wayata ta isa?

Tambaya: Ni amarya ce a Gwarimpa. Wata mai zuwa ni da maigidana za mu je Turkiyya, kuma mun biya kuɗin hawa balan-balan ɗin nan mai tashi da iska mai zafi a Kapadokiya. iPhone 11 nake riƙewa. Ya ce zai saya min kyamara a Banex kafin mu tafi. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki ce wa maigida ya dakata da maganar kyamara tukuna. Tafiyar sama ba ta wuce kusan awa ɗaya, kuma da asuba ake tashi, rana na shirin fitowa. Wadda ba ta saba da kyamara ba za ta ƙarar da rabin awar tana laluben maɓalli, ga mutum goma sha shida ko fiye a kwando ɗaya, kowa na neman gefe. Wayar da hannunki ya sani ta fi miki.

Wani abu da mutane ba sa tsammani shi ne kwandon ba ya girgiza. Balan-balan tare da iska yake tafiya, don haka ko gyalenki da ƙyar zai motsa. Wannan ya sa waya take iya fitar da hoto tsaf ko da haske bai gama fitowa ba, in dai kin riƙe ta da hannu biyu kin ɗora gwiwar hannu a bakin kwandon.

Inda wayarki za ta gaza wuri ɗaya ne. Kyamarar bayan iPhone 11 tana da ido biyu, na daidai da mai faɗi, ba ta da mai jawo abu kusa. In kika ja allo da yatsu don kusanto wani balan-balan da ke can nesa, hoton ne kawai ake yankewa a buɗa, sai ya fito dishi-dishi. To in lallai maigida ya ƙudura sai ya kashe kuɗi, ya sauya miki waya zuwa mai idon zum na gaske. iPhone 13 Pro tana jawowa ninki 3, 15 Pro Max ninki 5, Samsung S23 Ultra kuwa tana da ninki 3 da ninki 10. Ta hannu ma ta wadatar, amma ki duba lafiyar batir a shagon, kada ta yi ƙasa da kashi 85, ki kuma gwada kowane ido ɗaya bayan ɗaya kafin a biya.

Abin da ba zan yarda ki hau babu shi ba kuwa, igiya ce. Kes mai igiyar da ake zurawa a wuyan hannu ko a rataya a wuya, kuɗinsa bai kai na cajar kirki ba. Wayar da ta suɓuce daga mita ɗaruruwa a kan duwatsun Goreme da ke Kapadokiya ta tafi ke nan, da hotunan bikinki gaba ɗaya. Sandar salfi ma ki bar ta a otal, miƙa ta waje shi ne yake jawo faɗuwar.

Tambaya: Sana'ata ɗaukar hoton biki ce a Kubwa. Wani Alhaji zai tafi da ni Dubai in ɗauki iyalinsa, har da hawa balan-balan a sahara. Ina da kyamarar Canon da gilasanta (lens) huɗu, ga kuma dron. Me zan ɗauka?

Amsa: Ƙanina, gilashi ɗaya. Mai zum na milimita 24 zuwa 105 in kana da shi, in babu 24 zuwa 70. Ɓangaren 24 zai ɗauko maka iyalin Alhaji a ƙuncin kwando da cikin balan-balan lokacin da matuƙi ya saki wutar gas, ɗaya ƙarshen kuma ya kamo raƙuma da tudun yashi. Kada ka ce za ka sauya gilashi a sama, babu wurin ajiyewa, ga ƙura. Saurin shata, wato ƙiftawar idon kyamara, kada ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa, ka bar ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya hau yadda ya ga dama, ka ɗauka a RAW, ɗanyen hoto mai sauƙin gyara daga baya, saboda sama za ta yi haske ƙasa na duhu.

Ka isa da wuri. A ganina hoton da ya fi kyau a ƙasa ake samunsa, lokacin da ake hura balan-balan da fanka sannan a kunna wuta, ya yi ja kamar fitila cikin duhu. Dron kuwa ka manta da shi, ba matuƙin da zai bari ka tayar da shi kusa da balan-balan, kuma Dubai ba ta wasa da dokar dron. Ka sa hula, wutar nan tana gasa ƙeya.

Tambaya: Ni ma zan hau balan-balan a Kapadokiya. Tecno Camon gare ni, batirinta ba ya jimawa. In tafi da fawa banki?

Amsa: Tafi da shi, amma a jakar hannu, don ba a yarda batirin litiyom ya shiga akwatin da ake aunawa ba. Iyakar da aka saba ita ce 100Wh, wato wajen 27,000mAh, na 10,000 ya ishe ka. Sanyin asubar Kapadokiya a hunturu ya wuce na Jos nesa, har ƙanƙara take sauka, kuma sanyi yana zuƙe caji, sai ka riƙa ɓoye wayar a aljihun ciki. Ka share tarkacen bidiyon WhatsApp tun a gida don samun wuri. Da zarar matuƙi ya ce a shirya sauka, ka mayar da wayar aljihu ka ja zif, ka durƙusa ka kama igiyoyin cikin kwandon da hannu biyu, domin in akwai iska kwandon yakan kife a gefe ya ja ƙasa kafin ya tsaya.