Tambayoyin Masu Karatu: Fara Sana'ar Kafinta a Cikin Gida da Nemo Mata Kasuwa

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun haɗu a kan sana'ar kafinta, saboda haka na ga ya dace in amsa su a zama ɗaya, kuma zan fi daɗewa a kan ta farko domin ita ce tushen sauran.

Tambaya daga wani matashi a Zariya: Assalamu alaikum, Baba. Na yi shekara 5 ina koyon kafinta a hannun maigidana, kuma ya yaye ni a bara. Ba ni da kuɗin kama shago a bakin titi, amma mahaifina ya ba ni zauren gidanmu in riƙa aiki a ciki. Abin da na mallaka shi ne zarto, da guduma, da filen na feƙe katako, da ɗan jarin da na tara a adashi. Da wane aiki ya kamata in fara, kuma yaya zan sa farashin da ba zan faɗi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa mahaifinka da maigidanka da alheri. Kada ka raina zauren nan, domin wanda ba ya biyan kuɗin haya ya riga ya sauke nauyin da ke durƙusar da masu sana'a da yawa a shekararsu ta farko.

Shawarata ita ce kada ka fara da saitin kayan ɗaki na amarya, ko da yake na san nan ne idon kowane sabon kafinta yake. Gado da sif da madubi za su cinye jarinka gaba ɗaya, su cika zauren har ka rasa wurin juya falanki, sannan su zauna suna shan ƙura kafin mai saye ya zo. Ka zaɓi abubuwa biyu ko uku ƙanana waɗanda unguwarku take buƙata kullum, kamar kujerar tsakar gida, da benci da teburin mai shayi, da kantar ajiye kaya ta masu kanti, da marikin Alƙur'ani na makarantun Islamiyya, ka yi ta maimaita su har hannunka ya faɗa. Ka yanka wa kowannensu samfuri da guntun filawud ka rataye a bango, domin wanda ya yi kujeru goma a zama ɗaya da ma'auni ɗaya ya fi wanda yake auna kowace daga farko sauri da tsabtar aiki. Kada kuma ka ƙi aikin gyara. Ƙofar da ta ƙi rufuwa da kujerar da ƙafarta ta girgiɗe ba su da riba mai yawa, amma su ne suke sa magidanci ya san hannunka, kuma ranar da zai aurar da 'yarsa sunanka ne zai fara faɗo masa.

Game da injuna, ka yi haƙuri tukuna. A kasuwannin katako akwai masu injin tsagawa da na gogewa da ake biya gwargwadon abin da aka yi, don haka ka tafi da ma'auninka a rubuce, a tsaga maka, ka dawo gida ka haɗa. Wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareto kuwa yana iya lashe ribar mako guda. Abin da ya fi cancanta da kuɗinka na farko shi ne sikwaya ta gaskiya, wato ma'aunin daidaita kusurwa, da maɗamfarai na matse katako har gam ya bushe, da dutsen wasa, sannan injin huda mai caji idan hali ya samu.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai, wato bushewar katako. Mafi yawan katakon da ake sauke wa a kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako ta Jos, daga dazuzzukan kudu masu laima ake ɗauko shi, kuma sau da yawa yana isowa da ruwansa a jiki. Idan ka haɗa teburi da irin wannan ɗanyen katako a watan Satumba, zai fita da kyau, mai shi ya yaba, amma da hunturu ya kama a Disamba iska ta zuƙe ruwan, sai falankan su tsuke, gaɓoɓin su buɗe, saman teburin ya tanƙware ko ya dare. Katako yana tsukewa ne ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa, shi ya sa ƙyauren da aka haɗa da falankai masu faɗi ya fi saurin nuna aibu. Da damina kuma abin yakan juya, busasshen katako ya sha laima ya kumbura, durowa ta ƙi fitowa. Mai saye ba zai ce laifin iska ba ne. Zai ce kafintan bai iya aiki ba, kuma zai faɗa wa maƙwabtansa. Maganin abin ba ya cin kuɗi, haƙuri yake ci: ka sayi katako tun kafin ka buƙace shi, ka jera shi a inuwa nesa da ƙasa, ka sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin falanki da falanki domin iska ta ratsa, ka ɗora nauyi a sama, ka bar shi makonni. Ɗanyen katako za ka ji shi da nauyi da sanyi a hannu, garinsa kuma yana manne wa haƙoran zarto.

Ka kuma san halin kowane itace. Madaci da loko suna da ƙarfi da ƙarko, sun dace da ƙofa da ƙafafun gado. Obece fari ne mara nauyi mai sauƙin sarrafawa, amma ƙwari da gara suna sonsa, saboda haka sai an shafa masa magani. Malaina tana da sauƙin kuɗi kuma tana karɓar fenti, sai dai tana jinkirin bushewa. Madobiya kuwa, wadda aka yi ta sarewa ana fitarwa zuwa ƙasar Sin har ta yi ƙaranci a dazuzzukanmu, tun shekarar 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa takunkumi a cinikin ƙasa da ƙasa, kuma abin yana damuna ƙwarai ganin yadda itacen da kakanninmu suka bar mana ya kusa ƙarewa a cikin 'yan shekaru. Allunan zamani irin su MDF, wanda ake matsewa daga garin katako da gam, suna da santsi da kyan gani, amma da zarar ruwa ya shige su sai su kumbura su rugurguje, alhali a gidajenmu ana goge daɓe da ruwa kusan kullum. Idan za ka yi sif da su, ka ɗora ta a kan ƙafafun katako na gaske, kuma ka faɗa wa mai saye ainihin abin da ka yi amfani da shi. Allon filawud da na MDF yawanci ƙafa 4 ne a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, don haka ka tsara girman kayanka yadda allo zai rabu ba tare da ragowa mai yawa ba, domin guntun da ka zubar kuɗinka ne.

Batun farashi, kuskuren da na fi gani shi ne kafinta ya lissafa katako da kusoshi kawai, abin da ya ragu ya kira shi riba. Ka sami littafi ka rubuta komai: katako, gam, kusa, sanfefa, fenti da tina, kuɗin inji, kuɗin dako daga kasuwa, ladan yaron da ya taya ka, sannan ladan hannunka na kwanakin da aikin ya ci, kamar yadda za ka biya wani da ka ɗauka aiki. Bayan duk wannan ne riba take hawa, kuma ita ce jarin da ba a taɓawa don cefane. Idan aikin oda ne, ka karɓi kafin alƙalami da zai isa sayen kayan aiki, ku rubuta girma da irin katako da launi da ranar bayarwa, kowa ya riƙe kofi. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan ciniki istisna'i, kuma abin da suka fi ƙarfafawa a cikinsa shi ne a bayyana siffar kaya yadda ba za a yi jayayya ba. Tunda farashin kaya yana tashi ba zato, ka faɗa tun farko cewa kuɗin da ka yanke na kwana 7 ne idan ba a ba da kafin alƙalami ba. Kuma ina roƙonka, ɗana, kada ka ɗauki kuɗin wani ka ƙarasa aikin wani. Wannan ɗabi'a ce ta ɓata sunan masu sana'ar hannu har mutane suke ɗaukar alƙawarinsu da wasa. Idan aiki zai ci kwana 10, ka ce mako biyu, ka kai shi kafin ranar.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Malam, maigidana kafinta ne mai kyan hannu, a gida yake aiki, amma shi mutum ne mai kunya, ba ya iya tallata kansa. Ina da wayar zamani, kuma ina so in taimaka masa. Ta ina zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara danƙon zumunci a tsakaninku. Kina da abin da maigidanki ba shi da shi, domin a ƙasar Hausa iyaye mata da gwaggwanni su ne suke zaɓen kayan ɗakin amarya, kuma ke kike iya shiga cikin gida ki zauna da su a wurin biki da suna da taron adashi. Ki fara da ɗakinki: duk baƙuwar da ta shigo ta ga kanta ko teburi mai kyau za ta tambayi wanda ya yi.

A waya kuwa, ki buɗe WhatsApp Business da sunan sana'ar, ki jera kayan a ciki da girmansu da farashinsu, ki riƙa sa hoto ɗaya ko biyu a rana ba tare da cika wa mutane ido ba, sannan ki ƙara da Facebook idan kin saba. Ki ɗauki hoton da hantsi a inuwa, a jikin bango mai tsabta, bayan an share garin katako, ki nuna gaba da gefe da cikin durowa. Ɗan gajeren bidiyo na maigidan yana haɗa gaɓa ko yana goge fuskar teburi ya fi dogon yabo shiga rai, kuma ba sai ya yi magana ba. Abin da nake gargaɗinki a kai shi ne ɗauko hoton kayan Turkiyya ko na Sin daga intanet a ce aikin gida ne, domin ranar da aka kai kaya suka bambanta da hoton, ranar ce amana ta tafi, kuma yaudara ce ko da ba a gane ba.

Ki kula da lokutan kasuwa. Bukukuwan aure sun fi yawa bayan kaka, lokacin da manoma suka sayar da amfani, da kuma watannin da ke gabanin azumi, makarantu kuwa suna neman benci da teburi kafin komawa karatu, wato wajen Oktoba a Nijar da Satumba a Najeriya. Wanda zai ci wannan kasuwa sai ya shanya katakonsa watanni kafin nan, ke kuma ki fara magana da masu makarantu tun ana hutu. Idan wata dillaliya ta kawo mai saye, a yanke la'adarta tun farko a biya ta ba ja-in-ja. A rubuta sunan sana'ar da lambar waya a ƙarƙashin kowace kujera da bayan kowace sif, kuma bayan hunturu ya wuce ki kira waɗanda suka saya ki tambaya ko akwai abin da ya motsa, maigidan ya je ya gyara kyauta.

Tambaya daga wani ma'aikaci mai shirin ritaya a Kaduna: Ina so in kafa ɗan wurin kafinta a garejin gidana, ni da ɗana. Dole ne in yi rajista? Kuma ina tsoron ƙorafin maƙwabta.

Amsa: Ranka ya daɗe, idan za ka yi aiki da wani suna da ba naka na yanka ba, doka ta buƙaci ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, kuma ana yin ta ta intanet. Amfaninta a fili yake: da takardar za ka buɗe asusun banki da sunan sana'ar, ka raba kuɗinta da fanshonka, ka kuma iya neman kwangilar makarantu da ofisoshi waɗanda ba sa biyan kuɗi a asusun mutum. Hukumar SMEDAN, wadda aka kafa a 2003 domin ƙanana da matsakaitan sana'o'i, tana da rajistarta ita ma, kuma ta nan ake jin labarin horo da tallafi.

Maƙwabta kuwa, ka je ka same su da kanka kafin a buga kusa ta farko. Ka keɓe aikin ƙara tsakanin hantsi da la'asar, ka tsaya a lokutan salla da na hutun rana, fesa fenti kuma a yi shi inda iska ba za ta kai warin cikin gidajen mutane ba. Ku sa takunkumin rufe hanci da baki yayin gogewa, musamman a kan MDF, domin ƙurarsa tana da laushi kuma tana ɗauke da sinadarin gam mai cutar da huhu. A kwashe garin katako kowace yamma, a ajiye tina da fenti a rufe nesa da murhu da janareto, a tanadi bokitin yashi da tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa, kuma garejin ya kasance da makulli saboda jikoki. Garin katakon da ɓawon filen kada a ƙone su. Masu kiwon kaji suna sayen su domin shimfiɗa, muddin ba na MDF ba ne ko na katakon da aka shafa wa maganin gara.