Kiyashi sun shigo gida, ga kuma ƙwarin da ake kiwo: me za a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana kiwon ƙoƙi-ƙoƙi biyu a akwatin gilashi, da gyare da yake ba su su ci. Kwanan nan kiyashi suka yi layi daga taga har ƙarƙashin teburin da akwatin yake. Na ɗauki maganin feshi zan saya, sai na fasa. Wanne ne zai kashe kiyashin ya bar na yaron?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gara da kika fasa, domin babu irin wannan feshin. Yawancin na gwangwani suna ɗauke da sinadarai irin su fametirin, waɗanda ke kama jijiyar ƙwaro ko wane iri ne. Feshin yana yawo a iska, ya shiga ta ragar murfin akwati, ya kuma zauna a kan tebur da labule bayan warinsa ya tafi. Haka maganin sauro na kunnawa da wanda ake sakawa a soket. Ga wata illar kuma: waɗanda kike gani a layi 'yan aike ne kawai, sarauniya tana can cikin bango tana ƙwai. Wasu ƙananan kiyashin ma, irin wanda ake kira na Fir'auna, suna da sarauniyoyi da yawa, in aka fesa musu magani sai gidan ya rabu gida-gida, a wayi gari matsala ɗaya ta zama uku.

Kafin ki sayi komai, ki killace akwatin. Janye teburin daga bango, kada labule ko wayar lantarki ta taɓa shi, don nan ne gadarsu. Sa kowace ƙafar tebur cikin ƙaramin kwano mai ruwa da ɗigon sabulu. Sabulun yana da muhimmanci, saboda kiyashi ba su da nauyi, suna iya tsallake ruwa zalla musamman in ƙura ta kwanta a kansa. A rinƙa duba kwanukan kada su bushe. Sama da kwanon kuma ki shafa man basilin ya zagaye ƙafar.

Sai abin saye: maganin tarko, wato abinci mai guba da ake sayarwa a cikin 'yar rufaffiyar roba mai ƙananan ƙofofi. Nemi mai sinadarin boras ko borik asid. Amfaninsa shi ne ba ya tashi a iska, kuma ba ya kisa nan take. Kiyashi za su sha, su koma gida su ɗura wa 'yan'uwansu da tsutsotsi da sarauniya baki da baki. Shi ya sa ma ake sa gubar kaɗan, wajen kashi 1 cikin 100 a ruwan sukari. Masu haɗawa da kansu sukan cika hannu don su ga aiki da wuri, sai 'yan aiken su mutu a hanya ko su ƙi sha gaba ɗaya.

Ajiye tarkon kusa da inda suke shigowa, can wajen taga, nesa da teburin. A kwanakin farko za ki ga sun ƙaru, sun yi cincirindo a bakin robar. Ki daure, kada ki share su, kada ki murƙushe. Aikin yakan ɗauki mako ɗaya zuwa 'yan makonni. In kuwa suka wuce tarkon ba su ko kalle shi ba, wataƙila a lokacin maiƙo suke nema ba zaƙi ba, sai a canza zuwa irin mai maiƙo.

Dalilin da na ce a fara killacewa shi ne, kiyashin da ya sha guba in ya shiga akwati, ƙoƙi-ƙoƙi na iya cinye shi a ciki. Gyaren da ya kuɓuce ma zai lashi tarkon in ya samu. Wanda ya kuɓuce kada a mayar da shi abincin ƙoƙi-ƙoƙi. Yaron kuma ya wanke hannu bayan ya taɓa tarkon.

Tambaya: An ce min garin dayatom da man na'a-na'a ba su da guba tunda na halitta ne. Zan iya barbaɗa su kusa da ƙwarina?

Amsa: A'a, Malam. "Na halitta" magana ce ta talla. Garin dayatom, wato farin gari daga ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa, yana ɓata kitsen da ke rufe fatar ƙwaro har ya bushe ya mutu, kuma iska kaɗan ta isa ta kai shi cikin akwati. In dole ne, a tura shi cikin tsagar bango a toshe. Man ganyayyaki masu ƙarfin ƙamshi su ma suna cutar da ƙwari, kiyashin kuma kauce musu kawai suke yi su buɗe sabuwar hanya. Kuɗinka sun fi amfani a abin toshe tsaga. Hanyar da suke bi zuwa akwatin kuwa, goge ta da ruwan sabulu ya isa, yana share ƙamshin da suke bari don na baya su bi. Wadda ta nufi tarko a bar ta.

Tambaya: Ni a wurina kiyashin sun riga sun shiga cikin akwatin ƙwarina. Ya zan yi?

Amsa: Kwashe ƙwarinki yanzu, 'yar'uwa, kada ki jira gobe. Lokacin da ƙwaro yake saɓa jikinsa taushi ne, ba ya iya gudu, kiyashi na iya gamawa da shi a dare ɗaya. Sa su a wata roba mai tsabta, ki duba jikin kowanne. Zubar da ƙasar da ke ciki, ki wanke akwatin da ruwan zafi, ya bushe sarai. Itace ko ɓawon da kike son mayarwa, ki ƙulle shi a leda ya yi kwana biyu ko uku a firiza. Daga nan duk ragowar abinci da gawar gyare a rinƙa cire su kafin dare, don su ne suka jawo kiyashin tun farko.