Wasan FC ne ke min maguɗi, ko intanet ɗina?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya ce duk sanda ya buga FC, wasan ƙwallon ƙafa na bidiyo, ta intanet 'yan wasansa nauyi suke yi, abokai a gidan gem kuwa sun dage cewa kamfanin ne ke tsara wanda zai ci.

Ɗan'uwa, fara da duba jinkirin layinka. Wasan na nuna hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto kusan milisakan 17 (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya). Daga Accra zuwa sabar wasan (kwamfutar da ke haɗa masu wasa) a Turai saƙo kan ci milisakan 100 ko fiye, wato kana danna fas, sai hoto shida sun wuce kafin ƙwallo ta tashi. Nauyin da kake ji ke nan.

Ja wayar LAN daga rauta zuwa PS5 ɗinka. In dole sai Wi-Fi, zaɓi 5GHz, ka zauna kusa. Dakatar da duk wani saukewa, kuma a daina kallon bidiyo a layin lokacin wasa. A talabijin kunna Game Mode, shi kaɗai yana rage jinkiri sosai. In ɗan wasa na tafiya ba ka taɓa sandar kwantirola ba, ƙura ce ko sandar ta cinye. Goge gindinta da auduga da ɗan sifirit.

Batun maguɗi kuwa, an kai EA, kamfanin da ke yin wasan, ƙara a Amurka kan haka, masu ƙarar suka janye a 2021. Masu musun gidan gem, ka ce su zo ku buga a talabijin ɗaya, ba intanet, wasa biyar.