Naman da nake bandawa yana ɗaci, gawayin ne ko itacen?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, na sa mai walda ya yanka min durom ya yi masa murfi, ina banda nama da kaji a bayan gida ran Lahadi, amma kullum sai ya fito baƙi ƙirin yana ɗaci, yara ma sun daina ci. Guntayen katako nake karɓowa wurin kafinta ina haɗawa da gawayi. Ina matsalar take?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah ka daina sa katakon nan tun yau, yawancinsa akwai fenti ko gam ko maganin gara a jiki, in ya ƙone duk cikin naman yake shiga, kuma iyalinka ne za su ci, wannan ya fi damuna a kan ɗacin.

Gawayi shi ne wutar, itace kuma ƙamshi kawai yake bayarwa, guntu biyu ko uku sun isa. Gawayin da ake kawowa Legas da yawansa daga yankin Oke-Ogun na jihar Oyo yake zuwa, kuma buhu-buhu ne, wani na itace mai tauri wani kuwa gaibu. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka buga biyu, in ya yi ƙara kamar ƙarfe to ka saya, in ya marmashe a hannunka ka bar musu kayansu. In ka dace da na ƙirya, wanda maƙera ke nema a gida Arewa, ai ka gama, yana daɗewa bai mutu ba. Na ɓawon kwakwa ma ba laifi.

Itacen ƙamshi kuwa ka nemi busasshen gwaba ko lemu ko tsamiya. Darbejiya da itacen turare ka guje su, ɗaci ne zalla. Kuma ka san damshin garin nan, musamman da damina, gawayi yana shan ruwa ko ba a jiƙa shi ba, to ka ɗora buhun kan benci ka rufe da leda.

Kar ka kunna da kananzir, takarda ta isa. Ka jira farin hayaƙin nan mai kauri ya wuce, sai ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi sannan ka sa nama, zafi kamar digiri 110 zuwa 120, ka bar ƙofar iska a ɗan buɗe. Ko ruwa ake yi kar ka shigar da durom ɗin cikin ɗaki, iskar gawayi tana kisa kuma ba ta da wari.