Amsar Gwaggo kan kwalliyar zuwa neman aiki

'Yata, saƙonki ya ba ni dariya har sai da na cire tabarau. Wai za ki je intabiyu, kina son ki ji ko a zamaninmu ma kyakkyawa ake fara ɗauka, kuma wace irin kwalliya za ki yi. Sai dai da na iso inda kika ce ƙawarki ta ba ki man ƙara haske ki fara shafawa tun yanzu, dariyar ta ɗauke.

Bari in tona wa kaina asiri. Shekarar da na fara koyarwa na ba aji aikin insha'i. Da dare ina dubawa sai na ci karo da takardu biyu iri ɗaya sak, har waƙafi. Ɗaya ta wata yarinya ce son kowa, ga ido ga hanci, kullum tsaf-tsaf, ko a layi ta tsaya ita ake fara hangowa. Ɗayar ta wata 'yar shiru-shiru ce mai ƙuraje a fuska, kullum tana bencin baya. Ban tambayi kowa ba. Gari na wayewa na kira mai ƙurajen gaban aji, na ce ta kwafa, na yaga takardarta gida biyu. Ba ta musa ba, hawaye kawai take yi. Wata tsohuwar malama da ta ji hayaniya ta leƙo ta taga, ta ce, "Malama, ki zaunar da su duka biyun su sake rubutawa mana." Na zaunar da su. Mai ƙurajen ta cika shafi biyu tana shessheƙa. Kyakkyawar ta yi layi uku, ta tsaya tana tauna biro. Har gobe in na tuna ƙarar yagewar takardar nan sai in ji kamar in nutse.

Abin takaicin, an koya mana wannan a kwalejin horon malamai. A 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam, Edward Thorndike, ya duba yadda hafsoshin sojan Amurka ke auna na ƙasa da su, ya ga wanda aka yaba wa ƙirar jiki shi ake yaba wa basira da iya shugabanci. Na rubuta shi a jarrabawa na ci, na zo aji na fāɗi. Daga baya na karanta cewa a 1972 wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Karen Dion, da abokan aikinta sun nuna wa ɗalibai hotuna kawai, ɗaliban suka yanke cewa kyawawan sun fi kirki kuma za su fi samun aiki mai kyau. To kin ga, ba ƙarya aka gaya miki ba, ido yana son kai.

Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa hana mu ado ba. In za mu fita takan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu gyara kanmu kuma mu saki rai. In kuwa ta ji muna zuzuta kyan wata, sai ta ce mu bari mu zauna da ita tukuna, kyan ɗan maciji ma kyau ne.

Ku 'yan yanzu waya ce ta ɓata ku. Ta goge muku fuska a hoto, sai ku dawo kuna jin haushin madubi. Matan Ingila a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya farar hodar dalma suke shafawa, tana cin fata, suna ƙara shafawa don su rufe tabon. Da yawa daga cikin mayukan bilicin ma haka suke: wasu da zaiba a ciki, wadda ke lalata ƙoda, wasu da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, in an ji rauni ya ƙi warkewa.

Maganar jan baki da hoda kuwa, wannan tsakaninki ne da madubinki, ni rabona da intabiyu tun ba a haife ki ba. Ki dai ɗauko kwalbar man nan ki turo min hoton rubutun da ke bayanta, kuma kada ki buɗe ta kafin in kira ki.