Rubuta wahalar rayuwa a takardar neman karatun likita

Kin ce Baba ya rasu kina aji biyu, makinki ya faɗi, kina tsoron in kin rubuta a ce neman tausayi kike. Allah ya jiƙansa.

E, ki rubuta, amma kar rasuwar ta cinye takardar. A fom ɗin AMCAS, wanda ake cikewa don neman gurbin karatun likita a Amurka, haruffa 5,300 kawai gare ki har da sarari, to layi biyu uku sun isa, sauran ki nuna yadda kika tashi, kina karatu a bencin asibiti, makin ya dawo ya hau. Kuskuren da nake yawan gani shi ne ɗora wa malamai laifi, ko rubuta abin da in an taɓo shi a intabiyu sai kuka.

Ki ba mashawarcin ɗalibai ya duba kafin ki tura. In har yanzu barci na gagarar ki, ki ga likita.