Sukuta mai ƙin tashi in ya yi zafi

Ka ce sukutan da aka kawo muku da safe kik ɗaya yake tashi, amma in ya yi tafiya aka kashe shi sai ya ƙi sai ya huce, wai ko ka kwance kafireta ka wanke. Kai ma dai. Kullum kafireta, ku yaran yanzu in moto ya yi tari kafireta, in taya ya sace ma ina jin kafireta za ku kwance. Kafiretan da ya toshe ai da safe zai fi ba ka wahala, lokacin da inji yake da sanyi yana son mai da yawa. Wanda ya tashi lafiya da sanyi ya ƙi da zafi, ko dai mai ya yi masa yawa, ko wuta tana ɗaukewa, ko bawul ya matse. Kuma ba za ka gane wanne ne ba sai a lokacin da yake ƙin, da zafinsa. In ka bari ya huce kana latsa waya, to ciwon ya ɓuya, sai ka sake zagayawa da shi har unguwar Asawase nan Kumasi ka dawo.

Da ya ƙi, ka murɗa mai har ƙarshe ka riƙe ka buga. In ya tashi da baƙin hayaƙi da warin fetur, mai ya cika shi. Cire fulogi ka gani, baƙi ne ko jiƙaƙƙe. Waɗannan injinan China, GY6, cok ɗinsu, wato abin da ke ƙara wa inji mai in yana da sanyi, ba na hannu ba ne, na wuta ne, yana zaune a kan kafireta da waya biyu. In inji ya tashi wuta tana ɗumama shi, allurar ciki ta sauko ta rufe hanyar ƙarin mai. In cok ɗin ya mutu allurar ba ta saukowa, sai moto ya yi ta shan man sanyi alhali yana tafasa. Ka cire shi ka haɗa da batir 12V ka jira 'yan mintoci, in allurar ba ta ƙara tsawo ba, jefar da shi. In cok lafiya yake to allurar fulot ce, mai tsai da mai in kwanon kafireta ya cika, ba ta rufewa. Yadda ake duba wuta a fulogi kuma ba zan koya maka ba, in har yanzu ba ka iya ba ka koma gida ka sai da kooko. Abin da zan ce kawai, koyil da CDI da ɗan fikof ɗin da ke gefen magnato, wato kayan da ke kai wa fulogi wuta, suna iya aiki da sanyi su yanke da zafi, to ka ɗora tsumma mai ruwan sanyi a kan koyil, wuta ta dawo ka kama ɓarawo, ba ta dawo ba ka gwada CDI.

Amma bawul, a nan nake so ka buɗe kunne, don bawul ne ya ci mini kuɗi wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A 2015 ne, lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya fi tsanani, kuɗinmu sidi ya faɗi, kayan moto kullum da sabon farashi. Wani mutum, ba zan faɗi sunansa ba amma babba ne da babbar riga da carbi, ya turo sukuta mai inji 150cc shagona a Aboabo, ciwon nan naka sak. Na taka kik da zafi na ji ya tafi salalaf ba abin da ya riƙe ƙafata, na ce Alhaji bawul ɗinka ya matse, ka bar shi ya kwana ya huce da safe in saita maka. Ya ce a'a shi wani yaro a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan gyara, ya riga ya gaya masa CDI ne, in canza masa kawai yana da sauri. Na ce CDI ɗinka lafiya lau, ga wuta shuɗiya kana gani da idonka. Ya ɗauki motonsa ya tafi, wai na cika surutu.

Ka san abin da ke faruwa, bawul yana ta dukan mazauninsa yana nitsewa a hankali, tazarar da ke tsakaninsa da roka, ƙarfen da ke danna shi, tana raguwa, in ƙarfe ya ɗau zafi ya buɗe sai ɗan abin da ya rage ma ya tafi, bawul ya kasa rufewa gaba ɗaya, matsin inji ya zube. Kuma bawul na salansa, mai fitar da hayaƙi, ta wurin zaman da yake yi a mazauninsa yake sauke zafi, in bai zauna ba wuta ce take bi ta gefensa tana cin sa. Haka Alhaji ya yi ta hawa har ya ƙone shi. Ya dawo da moton a bayan aboboyaa, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, yanzu da sanyin ma ba ya tashi, CDI sabo fil a jiki, kuma an cire murfin robar fanka an yar wai ya fashe yana ƙara, alhali wannan robar ita ke kai iska kan silinda, sukuta ba kamar Boxer ba ne da iskar hanya ke bugunsa.

Ya ce Masta ka yi haƙuri ka rufa mini asiri, ka sa kuɗinka ka gyara ranar Juma'a bayan masallaci zan kawo duka. Na je Magazine na sayo bawul biyu, gasket, sil, murfin fanka, da kuɗin da na ajiye na makarantar yara. Na sauke kan inji, na zauna ina goga bawul da hannu, ba wuta, yarona na lokacin yana haska mini da tocin waya har cikin dare. Moto ya tashi kamar yau aka fito da shi daga kwali. Ya zo ya ce bari ya ɗan zagaya ya ji, ya bar mini hular kwanonsa a kan benci don in yarda. Zagayen ke nan. Na aika gidansa, wai ya yi tafiya Tamale. Na haɗu da shi wurin suna, a gaban mutane ya ce ai aikin bai yi ba moton yana nan yana ba shi wahala, ni kuwa a kansa na ga ya zo, yana jingine a ƙofar gidan. Dattawa suka ce in bar wa Allah, na bari, amma ban yafe ba. Shi ya sa kake gani ko limami ne sai ya turo kuɗin kaya ta MoMo, wato ta waya, kafin in ɗaga sifana, kuna cewa ina da tsanani.

To gobe da sassafe kafin kowa ya taɓa kik ɗin nan, inji da sanyinsa, ka buɗe murfin bawul, ka juya magnato alamar T ta zo daidai, ka tabbata roka biyun duk sun saki, in ba su saki ba ka ƙara zagaye ɗaya. Ka sa fila gej, ma'aunin tazarar bawul da roka, wajen 0.10 na milimita a inji 125cc da 150cc, ƙaramin 50cc kuma 0.05. Fila gej na ce, ba reza ba, na ga abin da kuke yi in ba na nan. In ka ɗaure nat ka sake aunawa don yana motsawa. Ɗan kas-kas da za ka ji bayan nan kada ya dame ka, wanda ya yi shiru tsit shi nake tsoro.

Ka kuma buɗe murfin tanki da zafi, in ka ji ya ja iska fuu to hudar numfashinsa ta toshe. Kada ka sayi komai da kuɗinka, kuma fila gej ɗina ka mayar mini cikin akwati inda ka same shi.